Zumuncin da Muka Kai Damagaram

'Yan majalisar ƙofar gidan Alhaji Bala, assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da dawowata daga Nijar, amma har yau ba ku bar ni na kurɓi shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Darakta, yaya Damagaram?" Wancan ya ce, "Wai da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu?" Ni kuwa kullum sai in ba ku labarin kilishi, in ƙara da na jandarmomi, in duba agogo in ce ana jirana a gida. Na lura wasunku har sun haddace labarin kilishin, suna riga ni ƙarasawa. To yau na zauna na rubuta muku tafiyar tun daga tushe, zan sa a zaurenmu na waya, don na san halina, idan a baki ne zan sake karkatawa.

Kun san ɗana Faruk, mai shekara goma sha huɗu. Ku ne ma kuka laƙaba masa Ustazu, saboda duk wanda ya je masallacin layinmu zai tarar da shi a bakin famfo kafin kowa, ya kuma bar shi a can bayan kowa. Sau nawa kuka nuna wa 'ya'yanku shi kuka ce su yi koyi? Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Mutum ya yi shekara ashirin da shida yana aikin gwamnati ba a taɓa yaba masa ko a gefen fayil ba, sai ga shi ana yaba masa tarbiyya a bainar jama'a. Abin da ba ku sani ba shi ne alwala ɗaya takan ci wa Faruk minti arba'in. Ya wanke hannu, ya kai fuska, sai ya ji kamar bai yi niyya daidai ba, ya koma farko. Ya kai ƙafa, sai ya ji kamar ruwan ƙasa ya fantsamo masa, ya koma farko. Fatar hannunsa ta tsattsage har tana jini. A makaranta kuma layi ɗaya sai ya rubuta ya goge sau biyar, aka tashi jarrabawar ƙarshen zango bai wuce tambaya ta biyu ba.

Mamansu ce ta fara cewa wannan ba ibada ba ce. Na ce mata ta ji tsoron Allah, mutane na kukan 'ya'yansu ba sa sallah, ita tana kukan nata ya cika yi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka shiga rubutu da ruƙiyya, aka yi hayaƙi har labulen falo ya canza launi. Malamin da ya yi masa karatu na ƙarshe, Allah ya saka masa da alheri, ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, addini bai ɗora wa kowa wannan ba. Addu'a za mu ci gaba da yi, amma yaron nan likita yake bukata, likitan ƙwaƙwalwa."

Asibitin kuwa kowa ya san inda yake. Daga Unguwar Dosa in ka tsallaka gada, in babu cunkoso, rabin awa ta kai ka. Matsalar ita ce rabin Kaduna sun san motata, kuma a daidai lokacin ne ɗan wan Alhaji Bala ya turo neman auren 'yata Fadila, ana tsakiyar bincike. Kun san binciken nan namu. Ba a tambayar ko mutanen gida suna da kirki sai an gama tambayar ko akwai taɓin hankali a zuri'a. Na yi kwanaki ina juya abin, na ga idan aka gan ni a ƙofar asibitin nan sau ɗaya tak, na kashe wa yaro suna, na kuma kashe wa yarsa aure.

Sai Mamansu ta tuna tana da kawu a Damagaram, Kawu Ilu, wanda rabon da a ji ɗuriyarsa tun bikinmu. Aka nemo lambarsa a wajen wata gwaggonta a Abakpa, aka kira shi, ya ce i mana, akwai wata likita a garinsu da ke duba yara masu irin wannan. Nan take zumunci ya motsa mini, zumuncin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana sharar barci. Na tsara magana yadda nake tsara takardar ofis, irin wadda babu ƙarya a cikinta kuma babu gaskiya: za mu je gaida dangi. Na zaunar da Faruk na koya masa.

Ya ce, "Baba, amma ai asibiti za mu."

Na ce, "Za mu ga Kawu ko ba za mu gan shi ba?"

Ya ce za mu gan shi.

Na ce, "To shi ke nan, zumunci ne. Duk wanda ya tambaye ka, abin da za ka ce ke nan."

Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Na bar motata a gida, muka hau ta haya a Kawo da sassafe, ni da shi, na ja hula har gira. Ba mu kai Jaji ba Faruk ya matso kusa da kunnena. "Baba, idan mutum ya ce zumunci alhali a zuciyarsa asibiti ne, ya yi ƙarya?" Na ce bai yi ba. Muna isa Zariya ya sake matsowa. "Baba, ka tabbata?" Na ce na tabbata. A Kwanar Ɗangora ina tsaka da ɓare dafaffen ƙwai ya sake tambaya, wannan karon ya ƙara da ko zunubin yana kan wanda ya faɗa ne ko wanda ya koya masa. Kafin Kano na ba da fatawar nan ta fi sau goma, ni da karatuna na addini bai wuce na Asabar da Lahadi ba. Duk lokacin da na amsa sai in ga kafaɗunsa sun sauka, bayan ɗan lokaci su sake hawa.

A Kano muka canza mota. A Daura direba ya tsaya sallar azahar, ya ce minti goma sha biyar ya ba kowa. Akwai wata hajiya 'yar kasuwa a kujerar gaba, mai kai atamfofi Matamaye. Ta leƙo ta taga ta ga Faruk a tsugune yana goga tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Masha Allahu! Alhaji, wannan ɗa naka ɗan aljanna ne." Na yi murmushin da na saba. Kowa ya idar ya dawo mota, Faruk yana kan buta ta uku. Hajiyar ta sake leƙowa. "Alhaji, wai wanka yake yi ne?" Direba ya danna ham sau biyu, sannan ya zagayo ya ce, "Yallaɓai, ko dai mu bar musu shi ya zama ladani a nan?" Mota ta kwashe da dariya.

Na je na tsaya a kansa, fuskata tana yi wa jama'a murmushi, ina magana ta cikin haƙora. "Tashi. Kana ba ni kunya." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Saura ƙafa, Baba. Don Allah saura ƙafa kawai." Na finciko shi. Ya yi sallah a gurguje, muka shiga mota, leɓɓansa suna motsi ba tsayawa. Hajiyar da ta ba shi aljanna ɗazu ta yi tsaki uku kafin mu fita daga garin, na ƙirga.

Iyakar Kwangwalam ba wani abin kallo ba ce: shingaye, rumfuna, masu canji, da rana mai ƙona ƙeya. Ɓangarenmu aka duba takardu aka sallame mu. A ɗaya ɓangaren wani jandarma dogo siriri ya karɓi fasfo ya ce, "Mi za ku yi Damagaram?" Na gyara tsayuwa na ce zumunci. Ya ce wajen wa, na ce Kawu Ilu. Ya ce Ilu wa, wace unguwa? Nan na gane ban san sunan mahaifin mutumin da na taso tun daga Kaduna don ƙaunarsa ba. Ina lalubar waya sai jandarman ya sunkuya wajen Faruk ya ce, "Kai ɗan saurayi, ina za ka?"

Faruk ya dube ni, ya dubi ƙasa. Da ƙyar muryarsa ta fito. "Asibiti. Da zumunci."

Jandarman ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce, "Daga Najeriya? Elhaji, mu kullum nan muna buga ma mutane hatimi su tahi wajenku neman magani, kai kuma ka kwaso yaro ka taho wajenmu?" Ya kira abokin aikinsa ya ba shi labari, suka yi dariyarsu mai isarsu. Sannan ya buga hatimi, ya dafa kan Faruk ya ce Allah ya ba da lafiya. Da muka koma mota ban yi wa yaron magana ba har muka wuce Matamaye. Ya ce mini yi haƙuri sau bakwai, ban amsa ko ɗaya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ga masu son labarin ƙasa, ga shi a taƙaice. Hausa suke yi kamar mu, sai dai an barbaɗa mata Faransanci yadda muka barbaɗa wa tamu Turanci, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ya lalata harshe. Asibiti suke kira likita, likita kuma lokotoro. Burodin gaskiya ne, dogo ne mai tauri, ana ɗaukarsa tsirara a hammata kamar lema, ba leda ba takarda. Mata suna tuƙa babur abinsu, ba mai juyowa ya kalla, abin da in a layinmu ne sai an yi mako ana sharhi a kansa. Majalisa kuma fada suke ce mata, shayinsu zagaye uku ne a ɗan ƙaramin kofi, na farko yana da ɗacin da zai tuna maka duk laifukanka. Gulmar dai iri ɗaya ce da tamu, ban ga bambanci ba.

Mun isa daf da magariba. Kawu Ilu baduku ne, tsoho gajere mai fara'a, gidansa na ƙasa a unguwar Zango, zauren cike da warin fata da jima. Ya rungume ni kamar jiya muka rabu, bai ce uffan ba game da shekara ashirin da huɗun, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Matarsa, Inna Hajo, ta kawo fura mai sanyi, ta biyo da tuwon gero da miyar kuka, da dambun zogale da ya ji ƙuli. Na ci na manta da matsayina. Bayan sallah Kawu ya ja ni fadarsu a ƙofar gida, dattawa sun kai goma a kan tabarma, ya ɗaga murya ya ce, "Ga surukina daga Kaduna, babban ma'aikaci ne. Ya kawo ɗansa wajen lokotoron masu ciwon kai, yaron wanke-wanke ya kama shi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sirrin da na yi tafiyar yini guda ina riƙe da shi kamar ƙwai, ga shi an fasa shi a tsakiyar tabarma kafin a zuba shayi na farko. Dattawan suka ce Allah ya sawwaƙe, ɗaya ya ce jikan maƙwabcinsa ma ya yi irinsa, wani ya tambayi farashin buhun masara a Kaduna. Shi ke nan. Na zauna ina jiran a fara kallona da gefen ido, ba wanda ya samu lokaci.

Abin da ban bincika ba kafin mu taso, ni mai tsara komai a takarda, shi ne Damagaram gari ne da ruwa yake da daraja. Famfon gidan Kawu yakan yi kwanaki bai ce komai ba, sai 'yan garuwa. Randa biyu ce a gidan, Inna Hajo ta san adadin moɗar da ke cikin kowacce. Wato a duk faɗin duniya na rasa inda zan kai yaro mai ƙarar da bokiti uku a alwala ɗaya sai can.

Washegari da azahar ina zaure na ji muryar Inna daga tsakar gida. Na shiga na tarar randa ɗaya ta yi rabi, ƙasa ta jiƙe har bakin madafa, Faruk a tsugune. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta rufe randar, ta ɗora faifai, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno a gabanta, ta miƙa masa buta ɗaya. Ta ce, "Jikana, wannan ita ce rabonka. Kakanka da ita yake yi shekara sittin, kuma ban ji an maido masa da sallarsa ba."

Faruk ya karɓi butar. Ya yi alwala tsaf, ruwa har ya ragu. Ya miƙe, ya yi taku biyu, sai ya tsaya. Ya dubi ƙafafunsa. Ya juyo wajen randa, Inna ta girgiza kai. Ya juyo wajena. Sai kawai ya durƙushe a cikin caɓin nan ya fashe da kuka, irin kukan da rabon da in ji ya yi tun yana ɗan shekara biyar.

"Baba, na san ta yi. Wallahi na san ta yi. Amma abin ba ya bari na. Na gaji, Baba. Idan na ji kiran sallah gabana faɗuwa yake yi. Kowa yana ce mini Ustazu, ni kuwa tsoro nake ji."

Shekara biyu ina amsar yabo a kan abin nan. Ban taɓa tambayarsa ko yana jin daɗi ba, don ban ga dalilin tambayar mai ibada ko yana jin daɗi ba. Na tsuguna na riƙe hannuwansa, na ga tsagar da ke bayan yatsunsa da kyau a karon farko, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Inna Hajo ta tashi ta shiga ɗaki ta bar mu. Da ta fito man kaɗe ne a hannunta, ta shafa masa.

Da la'asar na samu Kawu a zaure yana ɗinkin wata jaka, na yi masa ƙorafi a hankali cewa da bai faɗa wa mutanen fada ba. Na ƙara da cewa na dai yaba da wayewar mutanen garin, yadda ba su ɗauki abin a bakin komai ba. Ya ajiye basilla ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Wace wayewa? Ai don naka ne. Kai baƙo ne, jibi ka tahi, wa zai auri ɗiyarka a nan?" Ya leƙa waje, ya rage murya. "Bara jikata ta daina magana, ta daina cin abinci, sai kuka. Ka san inda muka kai ta? Kano. Muka ce ma mutane ta tahi hutu wajen gwaggonta."

Na ce, "Kawu, ga likita a garinku?"

Ya ce, "Kai ba ka da ita a garinku?"

Na ɗauki wata jaka ina duba ɗinkinta kamar zan saya.

A rana ta uku muka ga likitar. Mace ce matsakaiciya, da tabarau, ba ta da gaggawa. Ta fitar da ni waje ta yi kusan awa guda da Faruk, abin da ya ɓata mini rai, don na zo da bayanina a rubuce, shafi uku, da lambobi. Da ta kira ni ta ce ciwon sananne ne, tunani ne ke maƙale wa mutum yana tsorata shi, sai ya yi ta maimaita abu don ya samu sauƙi, sauƙin kuma ba ya daɗewa. A wajen wani yaron ƙofa ce zai yi ta dubawa, a wajen wani ƙwayoyin cuta, a wajen yaro mai son addini sai ya kama shi ta alwala. Ta ce ba aljani ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma yawan imani ba ne. Ta ce ana samun sauƙi sosai, da magani da kuma zama da likita a koya masa yadda zai jure tsoron ba tare da ya koma farko ba. Ta ce in daina amsa masa tambaya ɗaya sau goma, don kowace amsa abinci ce nake ba ciwon. Na tuna fatawoyina na hanyar Kano.

Sannan ta ce zaman kowane mako ne, na watanni. Ta duba takardarmu ta ce, "Daga ina kuka ce kun zo?"

Na ce Kaduna.

Ta cire tabarau. "Kaduna wace unguwa?"

Na ce Unguwar Dosa.

Ta ce, "Elhaji, ni a Kaduna na koyi aikin nan. Shekara huɗu na yi a asibitin da ke ƙetaren gadarku. Waɗanda suka koya mini suna nan, akwai sashen yara na musamman. Ka baro malamai ka zo wajen ɗaliba." Ta tambaye ni ko har yanzu ana sayar da masa a wani lungu kusa da kasuwa, na ce ana sayarwa. Ta jawo takarda ta rubuta wasiƙa da Turancin da ya fi nawa, zuwa asibitin da nake hangen rufinsa duk ranar da na je ɗaurin aure kudancin gari. Na sayi kilishi da cuku da takalman fata na tsaraba, don a ga shaidar zumunci, muka kamo hanya.

Zan so in ce muku da muka dawo washegari na kai shi. Ban kai ba. Na yi wa wasiƙar abin da muke yi wa fayil mai nauyi a ofis: na sa ta a aljihun tebur, na ce a dakata tukuna sai an ga yadda bincike ya kaya. Ta yi mako uku a can. Ranar wata Talata Mamansu ta tsaya a kaina ina karin kumallo, mayafinta a kafaɗa, ta ce, "Abban Fadila, ba ni takardar nan." Na fara jawabi a kan lokaci da hikima. Ta ce, "Ba shawara na zo nema ba." Ta tari Keke a bakin layi, da rana tsaka, fuskarta a buɗe, ta tafi da ɗanta. Daga mako na uku na karɓi kai shi, amma ina ajiye mota a wajen wani bakanike mu ƙarasa da ƙafa. Motar nan an duba mata birki sau tara, lafiyarta ƙalau.

Alhamdu lillahi, sauƙi yana samuwa. Ba a miƙe yake zuwa ba, wani makon a ci gaba, wani a koma baya. Alwala ta dawo minti goma, wani lokacin bakwai. Hannun ya warke. Waɗanda suka ce mini kwanan nan Ustazu ya fara sanyi da ibada, har wani ya ba ni shawarar in sa ido kan abokansa, na gode, wannan sanyin muka daɗe muna roƙo.

Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya. Duk ranar da ɗayanku ya tare shi a hanya ya ce, "Ustazu, ya mutanen Nijar, an yi zumunci lafiya?" sai ya amsa yadda na koya masa, ya shigo gida ya rufe ɗaki, ya yi awa guda yana istigfari. Ya daina tambayata ko ƙarya ce, don likita ta hana, amma ina ganin tambayar a fuskarsa. Makon jiya na same shi a haka, na zauna a bakin gadonsa. An ce kada in riƙa amsawa, amma wannan tambayar ba ciwon ne ya ƙirƙiro ta ba, ni na ɗora masa ita. Na ce, "Faruk, ƙarya ce. Tun farko ƙarya ce. Amma tawa ce, ba taka ba, kuma ni zan sauke ta."

Na fara da Fadila, don ita ce za ta iya yin asara. Na yi mata dogon bayani, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Baba, in don ƙanena yana ganin likita za su fasa, gara su fasa yanzu da kayan ɗaki ba su tafi ba." Idonta ya kawo ruwa da ta faɗa, don tana son mai neman nata, na sani.

Alhaji Bala, na san kana cikin zauren nan, kuma na san kai ne idon gidanku a wannan magana. Ga abin da bincike bai gano ba, na kawo maka da hannuna. Ɗana yana da ciwo, yana shan magani, yana zuwa asibitin ƙetaren gada duk Talata ƙarfe goma. Daga wannan makon za a ga motata a ƙofar asibitin, bakanike ya huta. Abin da kuka yanke, mun karɓa, kuma ba zai hana ni zuwa shan shayi ba in an bar mini wurina.

Da na gama rubutun nan ɗazu bayan la'asar, na kira Faruk na ba shi wayar, don labarinsa ne kafin ya zama nawa, na ce idan bai yarda ba zan goge. Ya zauna ya karanta tun daga sallama. Ya yi dariya a wajen jandarma, ya yi shiru a wajen randa. Da ya kai ƙarshe na ga babban yatsansa ya tsaya a kan gilashin, yana so ya ja rubutun ya koma sama, ya sake bi layi-layi ya tabbatar babu kuskure, babu ƙari, babu abin da za a tambaye shi a kansa ranar lahira. Na san yatsan nan. Na ga kafaɗunsa sun hau, na ji numfashinsa ya canza. Na kama bakina, na ƙirga a zuci har ashirin da wani abu.

Sai ya kife wayar a tafin hannuna.

Ya ce, "Sau ɗaya ya isa, Baba. Tura."